Danshi Ya Yi Yawa a Akwatin Tabar Siga, Yaya Zan Rage Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da akwatin katako na ajiyar siga, wato naɗaɗɗiyar tabar nan mai kauri. Sati biyu ke nan ma'aunin danshin da ke ciki yana nuna 78, wani lokaci har 80. Tabar ta yi laushi, ga wuyar zuƙa, kuma da na kunna sai ta mutu. In bar murfin a buɗe ne, ko in shanya ta a rana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maganar rana dai ka bar ta. Ganyen da aka naɗe siga da shi daga waje siriri ne ƙwarai, shi zai fara bushewa ya tsuke alhali na ciki yana nan a kumbure da ruwa, sai ka ga ya tsage daga sama har ƙasa. A hankali danshin ya shiga, a hankali kuma zai fita.

Kafin ka taɓa komai, ka fara tuhumar ma'aunin. Masu allura da ke zuwa tare da akwati sun cika ƙarya. Ga yadda za ka kama shi: cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga masa ruwa kaɗan ya jiƙe kamar ɗanyen yashi, kada ya narke. Saka shi tare da ma'aunin a cikin leda ko roba mai rufuwa ruf, ka bar su kwana ɗaya. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da danshi a kashi 75 cikin ɗari. In ma'aunin ya nuna 81, to ƙarin shida yake yi maka kullum. Sai dai laushin da ka ambata da wuyar zuƙar sun sa na fi zaton gaskiya yake faɗa.

Abin da ake nema shi ne tsakanin kashi 65 zuwa 72, zafi kuma digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos. Ni na fi son 65 zuwa 67, don wutar ta fi ci daidai.

Cire soson ruwan da ke manne a murfin akwatin tukuna. Yawanci shi ne tushen matsalar, an cika shi ya yi sharkaf. Daga nan buɗe akwatin awa ɗaya ko biyu a ɗaki mai sanyi, ka rufe, ka jira washegari kafin ka duba ma'aunin, domin abin da zai nuna nan take iskar ɗaki ce, ba ta akwati ba. Amma wannan dabarar tana aiki ne kawai idan ɗakin ya fi akwatin bushewa. Lokacin ruwan sama, buɗe murfi ƙara danshi yake yi, sai dai in ɗakin akwai na'urar sanyaya iska.

Katakon ma zai taimaka maka. Ana shimfiɗa cikin akwatin da itacen da ake kira sidar Sifaniya (ba daga Sifaniya yake ba, a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake fitowa), kuma yana shan danshi sosai. Ka sa busassun ɓallayensa, irin waɗanda ke raba sahun taba a kwalinta, su tsotse rarar. In sun sha, fito da su su bushe, ka mayar. Saukar maki ɗaya ko biyu a rana ya isa. Ka kuma riƙa juya tabar, ta ƙasa ta dawo sama.

Idan ya sauka, shawarata kada ka koma wa soson. Nemi ƙunshin daidaita danshi mai aiki biyu, irin na kamfanin Boveda, mai lamba 65 ko 69, wato kashin danshin da yake tsayarwa: yana ba da danshi in ya yi ƙaranci, yana sha in ya yi yawa. In soson ka fi so, tataccen ruwa kaɗai za ka zuba, wanda aka tara daga tururi, kuma ɗan kaɗan.

Sati biyu a 80 ba wasa ba ne, don haka ka duba kowace siga ɗaya bayan ɗaya. Hunhuna tana fitowa tabo-tabo kamar auduga, fara ko kore ko shuɗiya. Wadda ta tsaya a bayan ganye ana iya goge ta, amma in ta shiga buɗaɗɗen bakin da ake kunnawa, jefar da wannan sigar. Akwatin kuma a kwashe komai, a share shi, a bar shi ya bushe. Ka duba har da ƙananan huji kamar na kan allura da garin taba a ƙasan akwati. Wannan aikin ƙwaron taba ne, wanda ƙwansa ke ƙyanƙyashewa idan zafi ya haɗu da danshi.

Wadda kake son sha nan kusa kuwa, ware ta ka sa a kwalin sida wanda ba ruwa a ciki, kwana ɗaya ko biyu. Matsa ta da yatsa: in ta ɗan lotsa ta dawo ba tare da ƙara ba, ta yi.