Wattpad, WhatsApp, Facebook, ga kuma imel: ta ina zan kama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce daga Gusau, shekarata huɗu ina rubuta littattafan Hausa a waya. Ina sa shafukan kyauta a Wattpad da Facebook, waɗanda suka biya kuma ina tura musu ci gaban a guruf ɗin WhatsApp. Yanzu an ce in buɗe Telegram da Substack (dandalin aika wa masu karatu rubutu ta imel), in kuma riƙa tara imel ɗin masu karatu. Gaskiya kaina ya ɗau zafi, lokacin taifin ma ba na samu. Dole ne sai na haɗa duka? Kuma me imel zai tsinana mini, tunda mutanenmu ba buɗewa suke yi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ƙara basira. Ba dole ba ne ki haɗa duka, amma akwai abu ɗaya a cikin lissafinki da ba na so ki yi wasa da shi, kuma shi ne wanda kike ganin ba shi da amfani.

Bari in fara da tambayarki: idan gobe da safe kika tashi babu Wattpad, babu shafinki na Facebook, guruf ɗin ma ya watse, mutum nawa cikin masu karanta ki za ki iya aika wa saƙo kafin azahar? Amsar da kika bayar ita ce ainihin jarinki. Sauran dubban mabiyan da kike gani a allo, kina ganinsu ne ta tagar gidan wani. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kada ki ɗauka tsoratarwa ce. A Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida, tunda dukkansu na kamfani ɗaya ne. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai inda marubutan Hausa da yawa suka fara ganin kuɗin rubutunsu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wattpad ɗin da kike ciki ma ya cire saƙon sirri tsakanin marubuci da mai karatu a Mayun 2024. Duk cikinsu babu wanda ya nemi shawarar marubuci, kuma na biyun ƙarshen ba laifi suka yi ba: mai rumfa ne ya ga damar sauya tsarin rumfarsa.

Don haka gida biyu maganin gobara ne. Sai dai gida biyu aka ce, ba gida bakwai ba. Abin da ke cinye miki lokacin taifin shi ne kina sa kowane dandali ya yi aikin kowa. Ki raba musu aiki. Wattpad da Facebook bakin kasuwa ne, wurin da baƙo zai ci karo da ke, ya ɗanɗana, ya ji yana son ƙari. WhatsApp tsakar gida ne, nan ake hira da sharhi da rigimar wace jaruma ce ta fi gaskiya. Sai kuma wurin ciniki guda ɗaya tak. Telegram ki bar shi tukuna. Amfaninsa shi ne ɗaukar jama'a, don guruf ɗinsa na kai mutum 200,000 alhali na WhatsApp 1,024 ne iyakarsa. In ba ki cika na WhatsApp ba, me za ki je yi can?

Yanzu mu zo kan imel. Gaskiyarki, mutanenmu ba su cika buɗewa ba. Amma ki lura, kusan duk mai wayar Android yana da adireshin Gmail, don da shi ya shiga Play Store. Mutum zai sauya layi, a sace masa waya, ya fita daga guruf don data ta ƙare ko maigida ya yi faɗa, amma adireshin nan yana nan, da shi zai buɗe sabuwar wayar. Sannan imel ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. Idan manhajar da kike aika saƙo da ita ta rufe, ko ta tsawwala kuɗi, sai ki kwashe jerin sunayenki a fayil ɗaya ki koma wata. Mabiyan Facebook ba sa kwasuwa haka. Tashar WhatsApp da aka fito da ita a 2023 ma ba ta ba ki lambobin mabiyanki. Amazon kuwa ko mutum ya sayi littafinki sau goma, ba za a gaya miki ko wane ne ba.

Shi ya sa nake ce wa marubutan Hausa su karɓi biyu: lambar waya da imel. Lambar don yau, imel don ranar da ba a fata.

Akwai wata baiwar Allah da ta same ni bara, idonta ya yi ja. An zare mata waya a cikin adaidaita sahu. Duk shaidar biyan masu karatunta hotuna ne a wayar, sunayen ma a can, ba ta taɓa rubuta su a wani wuri ba. Kafin ta dawo da layinta, masu biya sun fara cewa ta cinye musu kuɗi ta gudu. Muka zauna da wani tsohon littafin makaranta da ta taɓa rubuta lambobi a bayansa, muna bi ɗaya bayan ɗaya, wasu biron ya goge. Abin da ya fi ci mata rai ba wayar ba ce, sunanta ne da ya ɓaci a wurin mutanen da suka yarda da ita. Har yanzu in na tuna fuskarta sai in ji ba daɗi, don aikin rabin awa ne da zai tsare ta daga duk wannan.

Ga aikin rabin awar. Ki buɗe fom a Google Forms, kyauta ne, in kin haɗa shi da Google Sheets kuma amsoshin suna taruwa da kansu a can, ba a cikin wayarki ba. Tambaya uku sun isa: sunan da mutum yake so a kira shi, lambar WhatsApp, adireshin imel. A ƙasa ki sa wurin da zai danna cewa ya amince ki riƙa aiko masa labarin littattafanki. Wannan amincewar ba ado ba ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ta muhimmanci, kuma ko ba doka, amana ce. Yawancin masu karanta ki mata ne, wasu matan aure. Kada ki kuskura ki ba mai talla lambobinsu, ko nawa zai biya.

Daga nan mahaɗin fom ɗin nan guda ɗaya shi za ki liƙa ko'ina: ƙarshen kowane babi a Wattpad, saman shafinki na Facebook, bayanin guruf. Kada ki rubuta "ku yi rajista", ba wanda zai motsa. Ki rubuta kamar haka: "Babi na 21 yana nan a ajiye. Duk mai so ta cike nan, zai iso mata imel ɗinta daren Juma'a." Kin ga ke kika ba ta dalilin buɗe akwatin da ta manta da shi. In ta buɗe sau uku ta tarar da abin kirki, ta saba ke nan.

Wurin aikawa kuma, kada ki jera adireshin mutane ɗari a Gmail ɗinki ki tura. Kowa zai ga adireshin kowa in ba ki ɓoye ba, Gmail na kyauta yana tsayar da mutum a wajen 500 a rana, kuma saƙon kan faɗa kwandon tarkace. A nan Substack zai yi miki rana: aikawa kyauta ne, duk wanda ya gaji yana da maɓallin fita, jerin sunayen kuma kina iya sauke shi duk lokacin da kika so. Amma ban ba ki shawarar karɓar kuɗi ta can ba. Suna cire kashi 10 cikin 100, biyan kuma ta Stripe yake bi, wani kamfanin karɓar kuɗi ta intanet wanda buɗe asusunsa daga Najeriya ba ƙaramin aiki ba ne. Ciniki ki bar shi inda naira ke tafiya. Selar, misali, dandalin sayar da kaya ne ta intanet, kuma na gida ne: mai saye zai biya da kati ko tiransifa, littafin ya isa gare shi ba sai kin farka cikin dare kina duba shaidar biya ba. In kuma kin fi sabawa da ArewaBooks ko lambar asusunki ta banki, to, amma duk wanda ya biya ki shigar da shi jerin nan a ranar.

Abu ɗaya da za ki kiyaye in kina baza littafi wurare da yawa: ki karanta sharuɗɗa kafin ki danna amincewa. Tsarin KDP Select na masu wallafa littafi a Amazon, misali, yana hana ki sa littafin na waya a wani wuri na tsawon kwana 90, har da shafinki. Duk manhajar da ta kawo miki yarjejeniya, ki nemi layin da ya yi maganar mallaka da tsawon lokaci, in bai fito miki sarai ba ki kai wa wanda ya san doka ya duba.

Game da lokaci, ki rubuta babin sau ɗaya a wuri ɗaya, ki ware rana ɗaya a mako ta rabawa. Saƙon imel sau biyu a wata ya wadatar. A wannan makon fom ɗin kawai za ki buɗe, ki fara da masu biyan da ke guruf ɗinki yanzu, tunda su suka riga suka nuna da gaske suke. Ranar ɗaya ga kowane wata ki sauke jerin, ki tura wa kanki kwafi, wani kwafin kuma ki ajiye a wayar wani na gida da kika yarda da shi.