Ciwon ciki da gumi mai sanyi: kafin motar asibiti ta iso

Malam, ka ce ciwon ciki ya murɗe ƙaninka cikin dare a Makka, yana zufa mai sanyi, jiri na ɗibarsa, kana tambayar me za ka ba shi. Kada ka ba shi komai ta baki, ko da zamzam ne. Kira 997, lambar Hilal Ahmar, masu motar asibiti ta gaggawa a Saudiyya, ko 911, tun kafin ka nemi makwabta. Kwantar da shi rigingine, ka ɗaga ƙafafunsa kan matashi kamar santimita 30, ka rufa masa bargo. In ɗagawar ta ƙara masa zafi, bar shi ya lanƙwasa gwiwoyi. In amai ya taso, juya shi gefe. Ka riƙe lokacin da ciwon ya fara da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, ma'aikatan lafiya za su tambaye ka.

Dalilin hana ci da sha shi ne wataƙila tiyata za a yi masa, kuma in da abu a ciki lokacin da aka sa masa maganin barci, yana iya komawa huhu. Na gani da idona a gidanmu: wani dattijo aka ɗura wa jiƙo da maganin kashe zafi Voltaren, ciwon ya lafa, kowa ya ce an samu sauƙi. Da na taɓa hannunsa sai na ji sanyi ƙalau, leɓɓansa sun yi fari, bugun jijiyarsa na gudu. Ashe gyambon cikinsa ne ya huje. Don Allah, ko ƙaninka ya ce ya ji dama, kada ka fasa kiran.