Amsa: Sandar besbol mai sunan Babe Ruth, tasa ce da gaske?

Malam, ka ce ka gaji tsohuwar sandar besbol daga kawunka da ya zauna a Amurka, da sunan Babe Ruth, shahararren ɗan wasan besbol na Amurka, a jiki, kana so ka san ko Ruth ɗin ya buga wasa da ita.

Sunan kaɗai ba hujja ba ne. Kamfanin Hillerich & Bradsby na Louisville, mai yin sandunan Louisville Slugger, ya buga sa hannun Ruth a sanduna masu ɗimbin yawa da aka sayar a kantuna. Irin waɗannan sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Fara duba tambarin tsakiya. Sandunan ƙwararru galibi suna ɗauke da lamba 125, na kanti kuwa sau da yawa 40 BR. In ka ga an buga tsawonta a gindi, kamar 34 (inci), alamar kanti ce. Sannan ka auna ta: sandunan Ruth na farkon shekarun 1920 manya ne, sukan haura oza 40. Duba kuma sawun ɗinkin ƙwallo da ya lotsa itacen.

Don Allah kada ka goge ta da sanfefa ko ka shafa mata mai. Dattin nan shi ne shaidarta, in ya tafi darajarta ta bi shi.

Hukuncin ƙarshe na masana ne, irin su kamfanonin tantancewa PSA ko MEARS, masu gwada sanda da bayanan odar kamfanin da tsofaffin hotuna. Wadda Ruth ya buga da ita ranar buɗe filin wasan Yankee na New York a 1923 ta haura dala miliyan 1.2 a gwanjon 2004, don haka kada ka sayar kafin su gani.