Tambaya da Amsa: Zan je Landan, ina ake samun tikitin wasan daɓe mai rahusa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka min da shawara. A watan Yuli in Allah ya kai mu zan je Landan bikin yaye ƙanina da ya gama digiri na biyu, kwana 6 kawai zan yi. Ni kuma tun muna 'yan dirama a sakandare nake da burin in zauna a ɗaya daga manyan gidajen wasan daɓe na can in ga yadda suke yi, to na leƙa intanet sai na ga kujera ɗaya fam ɗari da ɗoriya, da na buga lissafinta a naira wallahi sai da na ajiye wayar. In daure in saya tun daga nan Kano ne ko akwai wata dabara? Daga mai karatu a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya sa karatun ya amfane mu baki ɗaya. Kar ka sayi komai daga nan, sai dai in akwai wani takamaiman wasa da ka ƙwallafa rai a kai. Kujerar gidan wasa kamar kayan gwari take a 'Yankaba, in dare ya yi ba a sayar ba ta tashi a banza, shi ya sa ranar wasan suke karya farashin abin da ya yi saura. Wanda ya yarda ya kalli duk wasan da ya samu shi ke cin wannan garaɓasa.

Wuri na farko shi ne rumfar sayar da tikiti da aka fi sani da TKTS, wadda ke dandalin Leicester Square, tun 1980 take nan, kuma ƙungiyar gidajen wasan Landan ɗin ce da kanta ke gudanar da ita. Za ka ga allo an jera wasannin ranar da farashinsu, wani ragin har ya kai rabi, wani kuma ɗan kaɗan ne. Amma fa ka kula, kewayen dandalin cike yake da ƙananan shaguna kowa ya rubuta rabin farashi a ƙofa, wasunsu sai sun gama ɗora la'adarsu ka ga ba wani sauƙi. Ita ta gaskiyar a tsaye take ita kaɗai a gefen lambun. Masu tare mutum a bakin ƙofar gidan wasa kuwa suna cewa ga tikiti, ko kallonsu kar ka yi.

Sai manhajar TodayTix, ka sauke ta tun kana gida ka saba da ita. Wasu gidajen suna sakin kujeru masu araha na ranar a kanta, yawanci ƙarfe 10 na safe, kuma kafin ka gama kurɓar shayi an wawashe, saboda haka a bar wa ƙanin naka wannan aikin, yatsunsa sun fi naka sauri, kuma katin bankinsa na can ne ba zai ba ku matsala ba. Akwai kuma ƙuri'a da suke yi, shiga kyauta ne, wanda sunansa ya fito sai ya sayi tikitin da sauƙi. Ni ban ga inda aka zuba kuɗi aka yi asara ba, amma fatawa ta malamai ce.

In ni ne kai dai, gidan wasan Globe zan nufa, can bakin kogin Thames. An buɗe shi a 1997, an gina shi irin na zamanin da, tsakiyarsa ba rufi, kuma tikitin tsayuwa a filin gaban dandamali shekara da shekaru fam 5 ne, yanzu wasu sun kai 10. Kai da 'yan wasan kamar ka miƙa hannu ka taɓa su, wanda ya taɓa kallon dambe a tsaye ba zai ji wani baƙon abu ba. Sai dai tsayuwar ta kusa awa 3 ce, kuma in ruwa ya sauko ba a yarda a buɗe lema ba, ka tafi da rigar ruwa.

Maganar lokaci kuma, nemi wasan rana, wanda ake farawa wajen 2 zuwa 2:30, galibi tsakiyar mako da Asabar. Ka yi azahar ka shiga, ka fito ka tarar da la'asar. Na dare 7:30 ake farawa, a Yuli kuma magariba a Landan sai wajen ƙarfe 9, kana tsakiyar kallo za ta riske ka.

In ka ga wata kujera ta yi arha da yawa ka tambaya, wata ginshiƙi ne a gabanta, rabin dandamalin kawai za ka gani, suna rubutawa a jiki amma da ƙananan baƙaƙe. Sannan ka karanta bayanin wasan kafin ka biya, don akwai waɗanda ba za ka so kana zaune kusa da ƙaninka ana yin su ba.