Gwangwani nawa ne giram 200 na busasshen mishmish?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Surukata ta dawo daga Umara ta kawo mini tsarabar busasshen mishmish, ɗan itacen nan da ake kira apricot da Turanci, leda guda. Ƙanwata da ke aure a Kano ta turo mini yadda ake dafa shi da naman rago, wai a sa giram 200. Mu nan ƙauyenmu ta wajen Gumel babu mai sikelin girki, da gwangwanin madara muke awo. Gwangwani nawa zan zuba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya karɓi ibadar Hajiya. Ki auna gwangwani biyu shafe, ki ƙara kamar sulusin na uku. Kofin awo da littattafan girki ke nufi yana cin ruwa mililita 240, kuma idan aka cika shi da ɓarin mishmish ba a danna ba, nauyinsa giram 130 ne. Ƙaramin gwangwanin madara kuwa kamar kashi biyu cikin uku na kofin nan yake, don haka zai ɗauki giram 85 zuwa 90.

Amma fa mishmish ba gero ba ne. Gero yana kwanciya ya cike ko'ina, shi kuwa wannan gwangwanin ma rabinsa iska ce a tsakanin 'ya'yan. Idan kika yayyanka shi ƙanana, ko kika sa babban yatsa kika danna, gwangwani ɗaya zai ci fiye da giram 100 ba ki sani ba. Ki auna shi yadda ya fito daga leda, kafin yanka, kafin jiƙo. Wanda ya kwana a ruwa ya kumbura, awonsa ya tashi daga aiki.

Ni dai na fi yarda da ƙirga. Irin mai taushi mai launin ruwan lemo da aka fi samu a shagunan Makka da Madina, yawanci daga Malatya ta ƙasar Turkiyya yake zuwa, an zare ƙwallon an bar shi ɗungum. Guda ɗaya giram bakwai zuwa takwas ne, kin ga ashirin da biyar zuwa ashirin da takwas sun ishe ki. In kuma naki mai duhu ne kamar dabino, kada ki ce ya lalace, hayaƙin farar wuta ne ba a yi masa ba, shi ke riƙe wa wancan launinsa.

Kada ki wahalar da yaro zuwa wajen masu sayen riɗi. Sikelinsu na buhu ne, giram 200 ko motsa allurarsa ba zai yi ba. In kina son tabbaci, ledar fiya wata guda rabin lita ce, nauyinta rabin kilo. Ki ɗaure zare a tsakiyar muciya ko miƙaƙƙiyar sanda, ki tabbata ta tsaya daidai tukuna, ki rataya ruwan a gefe ɗaya, mishmish a ɗaya gefen, nisa ɗaya daga zaren. Ki yi ta ƙarawa har su daidaita, sai ki kasa shi biyar ki ɗauki kashi biyu.

A tukunyar nama ɗan ragi ko ƙari ba ya ɓata komai, sai dai yana da zaƙi da ɗan tsami, kuma maigida bai saba ba. Karon farko ki fara da guda ashirin, ki zuba bayan naman ya yi laushi, minti ashirin kafin saukewa.