Amsa ga Alhaji kan ɗaukar hayar mota da inshora a Ingila

Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya. Na karanta tambayarka, inda ka ce a watan Yuli za ka je Leeds bikin kammala karatun 'yarka tare da Hajiya da ƙannen yarinyar su biyu, za ku sauka a Manchester ku yi kwana 10, kuna kuma so ku leƙa 'yan uwa a Birmingham da Landan. Ka ce ka ga mota a intanet a kan fam 22 a rana, kana tambaya ko farashin na gaskiya ne, da kuma ko wajibi ne ka ƙara kuɗin inshorar da shafin yake ta tallata maka. Sau huɗu na ɗauki hayar mota a Ingila, kuma a karon farko na sha wahalar da ba na so ka sha.

Farashin da ka gani ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne abin da zai fita daga aljihunka ba. Abubuwa biyu ne suke yanke ainihin kuɗin: katin bankin da za ka miƙa a kanta, wato teburin da ake karɓar makullin mota, da kuma adadin da zai rataya a wuyanka idan motar ta sami matsala. Dukkansu a gida ake warware su, tun kafin a hau jirgi.

Dokar Birtaniya ba ta yarda mota ta hau titi ba tare da inshorar da za ta biya wanda ka yi wa ɓarna ba, wato mutumin da ka buge ko motar da ka goga, kuma wannan tana cikin kuɗin hayar tun asali. Galibi akwai kuma abin da za ka ga an rubuta CDW a takarda, wanda ma'anarsa ita ce idan motar da ka ɗauka ta lalace kamfanin ba zai ce ka biya kuɗinta gaba ɗaya ba. Sai dai akwai kaso na farko na kuɗin gyara da yake kanka, shi ne suke kira ekses, kuma a motocin da na ɗauka bai taɓa yin ƙasa da fam 1,000 ba. Ko kwarzane ne kawai a jikin ƙofa, daga wannan kason za a cire, kuma da farashin gyaran can za a yi lissafi, ba da na mai fenti na Kofar Ruwa ba. Bugu da ƙari, CDW a mafi yawan lokuta ba ta shafi taya da gilashi da rufi da ƙarƙashin mota ba, haka ma ɓatar da makulli ko zuba man da ba nata ba. Don su tabbatar za su sami wannan kuɗin, sai su riƙe kwatankwacinsa a katinka a matsayin jingina har ka dawo da motar.

A nan ne na faɗa rami. A tafiyata ta farko na yi rajista ta shafin wani dillali, na ƙara kuɗi na sayi abin da ya kira cikakkiyar kariya, na taho hankalina kwance. Mun sauka da dare ana yayyafi, iyalina na zaune kan akwatuna, yara sun fara gyangyaɗi. Ma'aikaciyar ta juya katina gaba da baya, ta ce na cirar kuɗi ne daga asusu, su kuwa katin kiredit, wato na bashin banki, mai sunan direba suke riƙe jingina da shi. Na nuna mata takardar kariyar da na saya, ta ce wannan yarjejeniya ce tsakanina da dillalin, ba ta shafi kamfaninsu ba. Zaɓi biyu ta ba ni, ko in sayi tasu inshorar a nan take, ko in haƙura da motar da kuɗin da na riga na biya. Na saya, kuma kuɗinta na kowace rana ya zarce kuɗin hayar motar kanta. Da na koma masauki na buɗe sharuɗɗan, sai na tarar duk abin da ta faɗa yana rubuce tun ranar da na biya, ni ne ban karanta ba.

Saboda haka ka bambanta iri biyu na ƙarin inshora. Akwai wadda dillali ko wani kamfanin inshora na daban yake sayarwa, ita ce mai araha, amma yadda take aiki shi ne idan an sami ɓarna kamfanin motar zai cire kuɗinsa daga katinka, sannan ka tattara rasit da hotuna da rahoton ɓarnar ka nemi a mayar maka. Ba ta hana a riƙe jingina, kuma da yawa daga cikin masu sayar da ita mazauna Birtaniya ko ƙasashen Turai kaɗai suke karɓa, don haka sai ka duba ko mazaunin Najeriya yana ciki kafin ka biya. Akwai kuma ta kamfanin motar kansa, wadda take sauke kason nan zuwa sifili ko kusa da haka, ta kuma rage jinginar sosai. Ta fi tsada, amma ga wanda wannan ne karonsa na farko na tuƙi a hannun hagu, wanda kuma zai dawo Najeriya bayan kwana 10 ba shi da sukunin bin diddigin kuɗi ta imel, ita nake ba ka shawarar ka saya. Ka saye ta a shafin kamfanin lokacin rajista, domin a kanta ta fi tsada, kuma ka duba ko ta haɗa da taya da gilashi. Na san wasu 'yan uwa a nan suna da damuwa kan inshora ta fuskar addini, wannan hurumin malamai ne, amma ta wajibin nan doka ce, ba wanda zai ba ka makulli babu ita.

Maganar kati kuwa, ka rubuta wa reshen da za ka karɓi motar, ka faɗa musu ainihin irin katinka, ka nemi su amsa maka a rubuce ko suna karɓa da kuma nawa za su riƙe. Wasu kamfanonin suna karɓar katin cirar kuɗi da ƙarin sharaɗi, wasu ba sa karɓa sam. Ka kuma je bankinka ka tambayi iyakar abin da katin zai iya kashewa a waje, domin katin naira da aka ƙayyade masa ɗan abin da zai kashe a wata ba zai ɗauki jinginar fam 1,000 ba, katin asusun dala shi ya fi dacewa. Sunan da ke kan kati dole ya zama na direba. Katin Hajiya ba zai yi ba idan kai ne za ka tuƙa.

Lasisinka na Najeriya yana aiki, domin baƙo yana da damar tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsa har tsawon wata 12 daga ranar da ya shiga, muddin wa'adin lasisin bai ƙare ba, kuma namu da Turanci aka rubuta shi. Ka riƙe katin na asali tare da fasfo. Wasu rassan suna neman lasisin ƙasa da ƙasa a kai, shi ma ka tambaya a wannan wasiƙar. Kada ka miƙa wa kowa sitiyari sai wanda aka rubuta sunansa a yarjejeniya, ko da 'yarka ce da ta fi ka sanin gari, domin da zarar wani ya tuƙa kariyar da ka saya ta faɗi, kuma a idon doka tuƙi ne babu inshora, wanda tararsa ta fara daga fam 300 kuma 'yan sanda na iya kama motar. Ƙara sunanta yana da kuɗi, idan kuma ba ta kai shekara 25 ba akwai wani ƙarin a kai.

Ita kanta motar fam 22 ɗin, ina kyautata zaton ƙarama ce mai giyar hannu, domin irinsu suka fi yawa a can kuma su ne masu araha. Ku biyar ne idan an haɗa da mai bikin, ga akwatunan da mu kan tafi da su. Ba za ta ɗauke ku ba, kuma idan sai a kanta ka gano haka, canjin zai zo da farashin da suka ga dama. Ka nemi otomatik ko da ta fi tsada. Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu tun Afrilun 1972, hannunka da idonka duk sun saba da dama, kuma sauya giya da hannun hagu a daidai lokacin da kake ƙoƙarin tuna cewa a shataletale hagu ake shiga, na dama ake ba wa hanya, nauyi ne da bai kamata ka ɗora wa kanka da iyali a mota ba. Idan a cikin yaran akwai wanda bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 135 ba, doka ta wajabta masa kujerar yara. Sayenta a kanti sau da yawa ya fi hayarta ta kwanaki sauƙi.

Inda za ka sami rangwame na gaske shi ne a yawan kwanakin. Ba ka buƙatar mota kwana 10. Akwai jirgin ƙasa daga filin jirgin Manchester zuwa Leeds, ku hau shi, ku huta, a yi biki, tunda cikin gari ƙafa da tasi sun wadatar, wurin ajiye mota ma kuɗi ne. Bayan biki ka ɗauki motar a reshen cikin Leeds, inda ba a ɗora ƙarin kuɗin da ake ɗorawa a filin jirgi, ka yi kwana uku ko huɗu da ita, ku je Birmingham, tafiyar kimanin mil 120, ku zaga inda kuke so, ka mayar da ita inda ka ɗauka, domin ajiye ta a wani gari daban ma akwai kuɗinsa. Awa 24 suke ƙirgawa a matsayin kwana ɗaya, don haka idan ka karɓa da ƙarfe 10 na safe kada ka wuce 10 ranar mayarwa. Landan kuwa ku je ta jirgin ƙasa, awa biyu da 'yan mintuna ne daga Leeds zuwa tashar King's Cross. Tun 2003 ake biyan kuɗin cunkoso a tsakiyar birnin, a zuwana na ƙarshe fam 15 ne a rana, babu shinge babu mai tsayar da kai, kyamara ce take ɗaukar lambar mota. Haka mashigar Dartford a gabashin birnin, ta intanet ake biya kafin ƙarfe 12 na daren washegari. Wanda bai biya ba, takardar tara kamfanin motar za ta je, su kuma su ɗora nasu kuɗin hidima su cire daga katinsa yana zaune a Kano. Haka abin yake da shiga layin bas ko wuce ƙa'idar gudu, wadda da mil ake rubuta ta, 70 a manyan hanyoyi, 30 a cikin gari, wasu unguwannin 20. Yuli lokacin hutu ne da bukukuwan jami'o'i, motoci otomatik suna saurin ƙarewa, don haka ka yi rajista tun yanzu da wadda za a iya sokewa kyauta, ka riƙa leƙawa, idan farashi ya sauka ka soke ka sake.

Ranar karɓa kada ka yi gaggawa. Ka zagaye motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo, ka tsuguna ka duba kowane rim, ka duba ƙasan bamba da gilashin gaba da kujeru, ka ɗauki hoton ma'aunin mai da na tafiya. A tafiyata ta uku na tsuguna na ga gefen rim ɗin gaba na hagu ya goge kamar faɗin yatsa biyu, irin wanda dakalin bakin titi yake yi, kuma babu shi a takardar da aka ba ni. Na koma ciki na sa ma'aikacin ya fito ya rubuta ya sa hannu. Ranar da na mayar, wani ma'aikacin daban ne ya duba, bai tsaya ko'ina ba sai a wannan rim ɗin, ya shafa shi da yatsa ya ɗago ya dube ni. Na miƙa masa takardar, ya karanta, ya rufe maganar. Shi wannan gefen na hagu ka kula da shi sosai wajen fakin, domin mu da muka saba zama a hagun mota ba ma iya auna nisansa a kwanakin farko.

Wajen mai, ka zaɓi tsarin karɓa a cike a mayar a cike, ka cika tanki a gidan mai mafi kusa da reshen, ka adana rasit. Ka tambaya fetur take sha ko dizal. A gidajen man can kai ne za ka zuba da kanka, kan famfon fetur kore ne, na dizal baƙi. Idan aka sami haɗari, komai ƙanƙantarsa, ka tsaya, ku yi musayar suna da lambar mota, ka ɗauki hoto, ka kira lambar da ke jikin makulli ko takardar hayar, idan da rauni ka kira 999. Kada ka yi sulhu a bakin titi ka ba da kuɗi kamar yadda muka saba, kuma kada ka kai ta gyara da kanka. Inshorar motar ba ta maye gurbin ta lafiya, wannan daban za ku saya ku huɗun da za ku taso daga gida, domin ana duba baƙo kyauta a sashen gaggawa, amma idan aka kwantar da shi ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na farashin asibitocin gwamnati.

Ka mayar da motar a lokacin aiki, ka tsaya a duba ta a gabanka, ka karɓi takardar da ta nuna babu sabuwar ɓarna. Jinginar takan ɗauki kwanaki kafin ta koma asusunka, wani lokacin fiye da mako, don haka kada ka sa ta a lissafin tsaraba. Idan aka cire maka kuɗin da ba ka yarda da shi ba, ka fara rubuta wa kamfanin da hotunanka, idan ba a daidaita ba akwai ƙungiyar kamfanonin hayar mota ta Birtaniya, BVRLA, tana sauraron ƙorafi a kan mambobinta kyauta, shi ya sa yake da kyau ka duba ko kamfanin mamba ne tun kafin ka biya.

Idan ka ga dama, ka ɗauko hoton shafin sharuɗɗan motar da ka gani, musamman wurin jingina da kati, ka sa a nan mu duba tare kafin ka biya. Ina taya ka murna, Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A gaida Hajiya.