Tattara tatsuniyoyi a ƙauyukan Zamfara

Malam, ka tambayi yadda za ka tattara tatsuniyoyi don kundin digirinka. Fara da gaida mai gari, sannan ka samu mace ta shiga maka gidaje, domin tsofaffin mata ne ke riƙe da tatsuniyoyin. Ka je bayan girbi, da daddare. Ba a tatsuniya da rana. Kada ka kori yara, amshin waƙarsu yana cikin tatsuniyar. Inda ɗalibai ke ɓata aiki shi ne wajen rubutawa: tsohuwa ta ce "shina zuwa" ko "hwarin doki", su mayar "yana zuwa", "farin doki". Karin harshen ya salwanta ke nan. Rubuta yadda ta faɗa, da ranar ɗauka, sunan ƙauye, da wanda ta koya a wurinsa.